Ranar da Na Ɗauki 'Yata a Gaban Inna

Shekarun baya can, zamanin da soja ke mulki, ana ta yi mana wa'azin tsuke bakin aljihu a rediyo alhali aljihun ma ya riga ya yage, ina ƙaramin malami a jami'a a Zariya, ina kuma fama da karatun digiri na biyu. Kwanan baya wata daga cikinku ta tambaye ni me ya sa ba na gajiya da cewa iyaye su riƙa shafa cikin yaransu in suna yi musu wanka. Na ce zan ba da labarin in na samu sukuni. To yau na samu.

Bincikena a kan ƙoda yake, ƙodar ma ta ɓera. Bari in ɗan yi muku bayani, don in ban yi ba labarin ba zai zauna ba. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da littafin umarni iri ɗaya sak, ko ta ido ce ko ta ƙoda. Abin da ya bambanta su shi ne wane shafi ake buɗewa a kwafa a yi aiki da shi, wane kuma ake bari a rufe. Yawancin abokan karatuna masu buɗe shafi suke bi. Ni kuwa masu rufewa ne suka ɗauke mini hankali, wato wasu sinadarai da ake kira furotin, da ke zuwa su zauna daram a bakin shafi su hana a kwafe shi, wani lokaci har su jawo a naɗe wurin tam yadda mai kwafar ba zai ma kai gare shi ba. Akwai guda ɗaya na ƙoda da aka fara maganarsa a shekarun. Lokacin da jariri ke cikin uwa ƙwayoyin ƙodarsa suna ta ninkuwa. Idan ƙodar ta kai inda ake so, sai wannan furotin ya danne shafukan girma, ya ce ya isa haka. In ya samu matsala, wasu ƙwayoyin ba sa jin an ce a tsaya. Sai su yi ta ninkuwa har su zama ƙari a cikin ƙaramin yaro.

Kada ku ɗauka da idona na ga duk wannan. A takarda na karanta, kwafin kwafin da malamina ya taho da shi daga waje, tawadar ma ta koɗe sai an kai bakin taga. Mu a ɗakin gwajinmu firji sai ya wuni ya kwana babu wuta, sinadarai su lalace muna kallo. Ɓerayen ma sun fi mu ƙiba, don su ba a taɓa fasa ba su abinci ba. Amma duk da haka in kun ga yadda nake tafiya da takardun nan a hammata, sai ku rantse ni na ƙirƙiro ƙodar.

Ana cikin haka aka tafi yajin aiki, aka rufe makaranta, ba ranar dawowa. Matata tana Kudan gidan iyayenta tana wankan jegon haihuwarmu ta biyu. Sai na kulle ɗaki na koma ƙauyenmu da ke kusa da Gubuchi, daidai lokacin kakar rake, don in taya baffana aikin mazarƙwaila in kuma samu tuwon da ba na awo ba.

A gidan akwai 'yata ta fari. Tun da aka kai ta yaye wurin mahaifiyata ba ta dawo ba, kuma ba wanda ya yi tsammanin za ta dawo. Ku 'yan yanzu da kuke ɗora 'ya'yanku na fari a wuya kuna ɗaukar hoto kuna watsa wa duniya, ba za ku gane ba. A gidanmu ɗan fari ba naka ba ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa, ba ka yi masa wasa a gaban manya. In ya faɗi a gabanka sai ka kau da kai ka bari wani ya ɗaga shi. Ni “yarinyar nan” nake ce mata, in kuma ina so in yi raha in ce “'yar gidan Inna”. Ita kuwa Yaya take ce mini, don a ganinta Inna ce ta haife mu duka. A lokacin ba ta fi shekara uku da ɗan abu ba. Kuma gaskiya abin bai taɓa damuna ba, har wani alfahari nake ji cewa boko bai cire mini kunya ba.

Wata safiya ina zaune a tsakar gida ina shan koko, Inna tana yi mata wanka a gefen rijiya. Ba kallonsu nake yi ba, ai ba a yi. Da wutsiyar ido na hango Inna ta tsoma tsumma a ruwan zafi, ta matse, ta ɗora a cikin yarinyar tana dannawa da ƙarfi. Yarinyar ta cije baki, ba ta yi kuka ba, alamar ta saba. Da aka ɗauke tsumman sai na ga cikin. Ba irin tumbin yaran ƙauye ba ne da ke fitowa gaba ɗaya. Gefe guda ne ya tasa.

Na ajiye ludayi na fara kewaye-kewaye. Na yi maganar sauro, na yi maganar zazzaɓin da ake fama da shi a gari, sannan ina kallon bango na ce kamar na ga ana yi wa wani gashi a gidan nan.

Inna ta yi dariya ta ce, “Au, ashe kana ganin ta? Saifa ce. Rabin yaran unguwar nan da ita suke yawo. In gashi bai faɗar da ita ba, na riga na yi wa wanzami magana, bayan cin kasuwar Makarfi zai zo ya yi mata tsaga ya sa ƙaho.”

Na ce to. Amma hankalina bai kwanta ba. Na feɗe ɓeraye ba adadi, na san saifa a hagu take. Abin da na gani a dama yake. Nan take takardar nan mai koɗaɗɗiyar tawada ta dawo mini a kai, layi bayan layi. Na yi ta gaya wa kaina cewa sharrin karatu ne, wanda ya wuni yana karanta ƙoda ko kan mutum ya gani ya kumbura ƙoda zai ce. Abin da zai raba gardama shi ne in ɗora hannu in ji, kuma shi ne abin da ba zan iya ba.

Na bi hanyar da aka san ɗa mai kunya yana bi. Na samu baffana a wurin dahuwar rake na roƙe shi ya yi wa Inna magana a kai yarinyar asibiti. Ya dube ni sama da ƙasa yana juya muciya, ya tambaye ni ko yanzu ni zan koya wa wadda ta rene ni renon yaro. Ya ce shi ma an yi masa tsagar saifa, ya ɗaga riga ya nuna mini tabon, ya ce ga shi nan garau yana aikin da ni ba zan iya rabinsa ba. A nan ɗin kam gaskiyarsa.

Sai na hau kekensa na nufi Ikara. Mota ba a maganarta, man fetur ya zama sai a kwalba wurin 'yan bumburutu. A Ikara akwai abokina, likita, mutumin kudancin Kaduna, Kirista, wanda muka yi kwanan ɗaki ɗaya tun muna sakandare. Inna tana ji da shi fiye da yadda take ji da ni, saboda shi in ya ci tuwonta ƙari yake nema, ni kuwa sai in ce na ƙoshi. Ɗana take ce masa. Na kwashe duk abin da na gani na gaya masa. Ya tambaye ni ƙarin yana motsi ko a kafe yake, da tauri ko da laushi. Na ce ban taɓa ba. Ya ce me ya hana ni. Na ce ai ta fari ce. Ya girgiza kai ya ce Lahadi in ya fito daga coci zai zo.

Ya kuwa zo a kan babur ɗinsa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna, gaisuwar da sai da ta bi ta kan iyayensa da aiki da gajiyar hanya da kowa na gidansu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sure yarinyar ya ɗora a cinya yana yi mata wasa, yana kiran sunanta gatsal ba ko nauyin baki. Ina gefe ina tsintar tsakuwa a ƙasa, amma idona yana kan hannunsa. Na ga ya shimfiɗa tafinsa a kan cikin a hankali, kamar mai taɓa ƙwai. Bai danna ba. Bakinsa yana dariya da yarinyar, amma fuskarsa ta riga ta gaya mini.

Ya ja ni bayan rumbu ya ce yana kyautata zaton ƙari ne a ƙoda, irin wanda ke kama ƙananan yara. Ya ce abin yana cikin wata 'yar jaka, muddin jakar ba ta fashe ba ana iya cire shi gaba ɗaya da ƙodar, yaro ya rayu da ɗayar. In kuwa aka yi ta dannawa har ta fashe a ciki, ko aka sa masa aska, to magana ta canja. Ya ce daga yau kada a ƙara gashin nan, kuma a kai ta babban asibiti a Zariya ba da wasa ba.

Shi da kansa ya je ya yi wa Inna bayani cikin ladabi. Ta saurare shi har ya gama, ta sa masa albarka, ta ɗaure masa mazarƙwaila a leda ta ce ya kai wa maman su, ta ce in sha Allahu za a duba. Duk wanda ya san Inna ya san wannan “za a duba” ɗin a'a ce mai lulluɓi. Da na raka shi bakin hanya ya ta da babur, sai ya kashe ya juyo.

“Ni baƙo ne a gidan nan, komai son da take yi mini,” in ji shi. “Kai ne ubanta. In ba ka buɗe baki ba, babu mai buɗewa.”

Da la'asar na tattara ƙarfin halina na zauna kusa da Inna tana tsinkar zogale. Na buɗe mata lacca. Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na yi mata bayanin ƙwayoyi, na yi na shafuka, na yi na furotin mai dannewa, duk ba tare da na ambaci wadda ake magana a kanta ba. “Wani yaro” nake cewa, “a misali”. Ta bar ni har na ƙare. Sannan ta tambaye ni ko duk wannan a cikin ɓera muka gani. Na ce a'a, a takarda ne. Ta ce, “To,” ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Washegari da safe ina ji ana zuba ruwan zafi a kwano.

Ranar da wanzamin ya zo ina zaure ina ɗaure takalmi zan tafi gona. Dattijo ne mai mutunci, shi ya yi mini kaciya, shi ya yi wa yarinyar ma askin suna. Muka gaisa, ni na yi masa iso da bakina, ya rataya zabirarsa ya shiga. Na tsaya a zauren da takalmi ɗaya a ƙafa. Ina jin an shimfiɗa tabarma. Ina jin matan maƙwabta sun shigo taya riƙo. Ina jin yana wasa aska a fata, shaf, shaf. Sai yarinyar ta fara kuka, ba da ƙarfi ba, irin kukan yaron da ya san ba mai ceton sa.

Ban san lokacin da na shiga ba. Na dai ga kaina a tsakiyar mata, da takalmi ɗaya, na sunkuya na zare ta daga hannun masu riƙon na rungume. Tun da aka haife ta ban taɓa jin nauyinta ba sai ranar. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kuma ta jikin rigata ina jin abin nan mai tauri a gefenta na dama.

Wata maƙwabciya ta rufe baki da mayafi. Yarinyar ma kukan ya tsaya mata don mamaki, ta ɗago tana kallona.

Inna ta ce, “Ajiye ta.”

Na ce, “Inna, ki gafarce ni. Ba za a tsaga ta ba.”

“A gabana?”

“'Yata ce, Inna.”

Kalma biyun nan sun fi duk wani abu da na taɓa furtawa nauyi. Wanzamin, Allah ya jiƙansa, ya naɗe askarsa ya mayar cikin zabira. Ya miƙe ya ce shi ba ya sa aska inda uba ya ce a'a, ya yi mana sallama ya fita. Matan suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Inna ta shige ɗaki ta saki labule.

Na bi ta da yarinyar a kafaɗa, na durƙusa daga bakin ƙofa. Na zaci faɗa zan sha, na kuma shirya shan sa. Sai na tarar tana zaune a bakin gado tana kuka ba sauti. Ban taɓa ganin hawayen Inna ba, ko ranar da mahaifina ya rasu a ɗaki ta yi nata. Da ta buɗe baki, ba maganar rashin kunyata ta yi ba.

“Lafiya lau kuka ba ni ita,” ta ce. “In aka kai ta asibiti aka ce ƙodarta ta lalace, me zan gaya wa uwarta? Me na ba ta ta ci? Me na yi mata?”

Sai a lokacin na gane. Ni ina ta ɗauka taurin kai ne da riƙon al'ada, ashe tsoro ne. In saifa ce, ciwon kowa ne, ba laifin kowa. In kuwa ƙoda ce, a ganinta amanar da aka ba ta ce ta lalace a hannunta. Na yi ta jibga mata ilimi, amma abin da take son ji ban faɗa ba.

Na ce mata ta tuna Baba a wurin dahuwar rake. Mahaifina shi ne mai tsayawa a kan kasko, ba ya matsa rake, ba ya zuba itace, aikinsa kawai ya sa ido, in ruwan ya kai ya ce a ja wuta. Inna ta sha gaya mana ranar da ya yi tafiya aka bar wa wasu, kaskon ya tafasa ya yi ambaliya. Na ce mata a jikin kowane jariri, tun yana ciki, Allah ya sa mai cewa a ja wuta in ƙoda ta gama ginuwa. Na yarinyar nan ne a gefe ɗaya bai yi magana ba, wutar ta ci gaba da ci. Na ce irin wannan tun kafin a haife ta yake somawa, tun kafin ta san hanyar gidan nan.

“Ba abincina ba ne?”

“Ba abincinki ba ne, Inna. Ba rainonki ba ne. Da a hannunmu take a Zariya ma da haka zai fito. Ke ce ma kika fara ganin sa.”

Ta share fuska da gefen zane. Ta tambaye ni ɗayar ƙodar fa, nata mai jan wutar yana nan? Na ce shi ne abin da za mu je a duba. Sai ta miƙa hannu ta karɓi yarinyar daga kafaɗata, ta ce in fita in ba ta wuri ta haɗa kaya, in kuma je in nemo ɗayan takalmina don na ishe ta da abin kunya na yini ɗaya.

A motar rake muka tafi Zariya, don ita kaɗai ce ta samu mai. Direban ya ba Inna gaba da yarinyar a cinya, ni ina can sama a kan rake ina riƙe da igiya. Duk ramin da muka faɗa sai na ji kamar a cikina jakar nan take. Muka biya ta Kudan na sanar da matata. Ita ma ta fari ce a wurinta, ga iyayenta a tsaye, ba ta iya ko tambayar jikin yarinyar ba. Ta dai leƙa ta tagar motar ta gaida Inna, idonta yana kan wadda ke cinyar, ta juya da sauri ta shige gida da jaririnta a kafaɗa.

Asibitin zamanin nan kuwa, waɗanda suka gani sun sani. Likitoci suna nan da iliminsu, amma komai sai ka fita waje ka nemo, daga safar hannu har zaren ɗinki. Na zaga shagunan magani na garin nan har masu shagunan suka san ni. Jini kuwa abokan aikina da ke zaman yajin aiki ne suka zo suka bayar, har da malamina mai takarda. Abokina ya baro Ikara ya zo ya tsaya a kan komai. Aka yi hoto, aka ce ƙari ne a ƙodar dama, ta hagu kuma ba a ga komai a jikinta ba. Da na gaya wa Inna sai ta ce, “Ashe na can yana bakin aikinsa.”

Ranar tiyata tun da hantsi aka shiga da ita. Muna zaune a benci ni da Inna, ita tana jan carbi, ni ina sauraren ƙarar janareto ina roƙon Allah kada ya tsaya. Ni da na san sunan kowace jijiya da za a ɗaure a wurin, sanin bai amfane ni da komai ba sai ƙarin fargaba. Bayan azahar likitan tiyatar ya fito yana cire hular kansa. Ya ce an cire ƙarin ɗungurungum da jakarsa, ba ta fashe ba, sai dai wani gefe nata ya yi siriri ƙwarai, saura ƙiris. Ban fassara wa Inna wannan na ƙarshen ba, kuma har ta bar duniya ban fassara mata ba.

Aka shigar da mu inda take kwance, ƙarin ruwa a hannu, ciki a naɗe da bandeji. Maganin barcin ya ƙi sakin ta da wuri. Nas ɗin ta ɗan bubbuga kumatunta, ta ce mu kira sunanta, yara sun fi farkawa da muryar da suka sani. Na ja baya na ba Inna wuri, don aikinta ne. Inna ta sunkuya ta buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ta sake gwadawa, sai iska kawai. Sai ta juyo ta kama hannun rigata ta jawo ni.

“Kira ta.”

“Inna...”

“Na ce ka kira ta. Wanda ya ɗauke ta a gaban matan unguwa, sunan ne zai gagare shi?”

Na sunkuya daidai kunnenta na kira sunan. Ni na zaɓe shi, ni na raɗa wa liman ranar suna, amma tun daga ranar bai ƙara bi ta bakina ba, har wani baƙo-baƙo na ji shi. Na sake kira. A na gaba sai girarta ta motsa, ta buɗe ido da ƙyar, ta dube ni ta ce, “Yaya, ruwa.”

Na fita baranda na zauna a ƙasa na yi kukan da ban san ina da shi ba. Abokina ya zo ya tsaya a kaina, da na gama ya miƙo mini hankici ya ce in tashi kada ɗalibaina su gan ni.

Ba a nan wahalar ta ƙare ba. An yi watanni ana yi mata allurai masu zubar da gashin kai, wani lokaci a samu maganin a Zariya, wani lokaci sai abokina ya aika Kano ko Kaduna. Duk zuwa asibiti gabana faɗuwa yake har sai an ce ba a ga komai ba. A hankali zuwan ya riƙa nisa da juna, har ranar da likitan ya ce mu je sai dai gaisuwa. Ta koma wurin Inna, don ban taɓa tunanin raba su ba. Sai dai daga lokacin in na je gida ina ɗaukar ta, Inna kuma ta riƙa gabatar da ni ga baƙi da cewa ga marar kunyar gidanmu.

Har yau ban san ko furotin ɗin nan da na karanta ne ya samu matsala a jikinta ba. Daga baya an gano ba kowane yaro mai irin ƙarin ne nasa ke lalacewa ba, akwai wasu hanyoyin, kuma mu ba mu da na'urar da za ta gaya mana a lokacin. Digirin ma sai da na canja masa hanya kafin na gama, don firjin nan bai taɓa shiryuwa ba. Amma ban taɓa jin karatun ya tashi a banza ba. Bai ba ni magani ba, ya dai ba ni abin da zan gaya wa tsohuwar da ke ganin ta ci amana, kuma shi ne ya buɗe mana ƙofa.

Ban kuma zama mai zagin kunya ba, kada ku fahimce ni a karkace. Na shafe rayuwata ina karanta masu cewa a yi shiru a cikin ƙwaya, na san in babu su jiki ba ya ginuwa. Gida ma haka ne. Sai dai akwai ranar da shirun ne ciwon, kuma ina gode wa Allah da ya sa tawa ranar ta same ni a zaure, ban riga na tafi gona ba. In na tuna saura takalmi ɗaya in fita, har yanzu sai in yi ajiyar zuciya.

Yarinyar nan yanzu babbar mace ce, da ƙodarta ɗaya da dogon tabonta, tana koyarwa a wata makaranta. Da ta haifi ɗanta na fari muka je barka, na tarar ta kau da kai gefe, an ajiye jaririn can nesa da ita kamar ba ta san wanda ya kawo shi ba. Jinin Inna ba ya ɓuya. Da mutane suka ragu na matsa kusa na ce mata kunyar baki ban hana ta ba, kada ta kira sunansa har ya yi gemu in ta ga dama. Amma duk ranar da za ta yi masa wanka ta shimfiɗa tafinta a cikinsa, dama da hagu, ta ji da hannunta.

Ta sunkuyar da kai tana murmushi, hannunta yana kan gefenta na dama, ta ce, “To, Yaya.”